Makullan Kyanwa

Ƙarfe huɗun yamma a Tallinn, duhu ya riga mu gida.
Fitilun tashar jiragen ruwa sun jeru a kan ƙanƙara.
Ni kaɗai na rage a hawa na biyar,
da shayin da ya huce, da jerin sunaye a allo,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
babu mai fuska a cikinsu.

Ba sa karɓar albashi, ba sa tari, ba sa zuwa biki.
'Yan aike ne da muka ƙera
don sashen kuɗi ya gaisa da sashen kwastan,
kwastan ya raɗa wa ƙugiyar sauke kaya
kwantenar da za ta fara taka ƙasa.
Kowanne da asusunsa, kowanne da iyakar ƙofarsa.
Haka dai takarda ta ce.

Mai bincike ta ba ni mako guda:
"Külliki, kowa ya riƙe makullin ɗakinsa kawai.
Wanda ba a san ubangidansa ba, ki rufe."

A layi na tamanin da bakwai na tarar da Kyanwa.
Urmas ne ya raɗa mata suna
daren da guguwa ta birkita mana komai, shekara takwas ke nan,
manyan motoci suka yi cirko-cirko har bakin titi.
Ya tattaro makullan gidan kaf ya rataya mata a wuya,
ya ce gobe zai kwance.
Goben ta yi ta haihuwar gobe.
Urmas yanzu yana kwance a Saaremaa
bayan cocin ƙauyensu, inda ba a ɗaga waya.

Kyanwa ba ta sami labari ba.
Kullum uku saura kwata na dare
sai ta miƙe ta bi ɗakuna.
Tana iya leƙa albashin darakta,
tana iya shafe rumbun bayanan shekara goma,
tana iya wangale ƙofar tasha ga duk wanda ya ari fatarta.
Ba ta taɓa yi ba.
Amma ɓarawon da ya tsinci kalmar sirrinta
ba zai yi sallama ba.

Na shiga kwancewa ɗaya-ɗaya.
Kuɗi, na karɓe. Kwastan, na karɓe.
Rumbu, ƙugiya, ƙofa.
Hannuna ya yi nauyi,
kamar mai laluben aljihun mamaci.
Na rufe ta ranar Alhamis, na tafi gida a ƙasa,
burodin baƙi a hammata.

Huɗu da minti ashirin waya ta tashe ni.
Endel ne, mai gadin ƙofa ta uku,
muryarsa na karkarwa:
"Ɗakin jiran direbobi ya zama firij.
Ga wani ɗan Latbiya nan yana hura yatsu yana zagina.
Wa ya taɓa mana wuta?"

Babu takardar da ta ambaci wannan.
Sai da na tona, can ƙasa, na iske layi uku
da rubutun Urmas, ba ko bayani:
kafin jirgin asuba ya iso daga Helsinki
Kyanwa ta kunna injin ɗumama ɗakin.
Shekara takwas. Ba wanda ya saka shi,
ba wanda ya gode masa.

Ban mayar mata da tarin makullan ba,
ko Urmas ya tashi ba zan mayar ba.
Guda ɗaya na zaro, ɗan ƙarami,
wanda ba ya buɗe komai sai wancan injin.
A gurbin mai alhaki na goge sunansa na sa nawa,
na daɗe ina kallon inda nasa yake.
Gurbin dalili yana so a cika shi.
Na rubuta: direbobi.

Endel ya sake kira wajen biyar.
Bai ce komai ba, ya dai kara wayar a jikin bututu
don in ji ƙarfe yana ƙyas-ƙyas, yana ɗaukar zafi.